Famfon da Malam Inuwa Ya Ɗaure

Ulaisha, Riyad

Kawu Sha'aban,

Ashe mutum yakan kawo ɗan ƙanwarsa ƙasar mutane, sannan ya daina ɗaukar wayarsa ranar da kafili, ubangidansa na wurin aiki, ya ce zai kore shi? Assalamu alaikum. Ya ibada? Takarda na rubuto don masu gadin Unguwar Jakadanci sun hana ni shigowa wurinka.

Ka san shagon tace ruwan da ka sama mini aiki. A cikin injin akwai wata leda nannaɗe kamar tabarma, ido ba ya ganin ramukanta. Matsi ke tura ruwa ya ratsa ta, gishiri ya tsaya, sai wani famfo na baya ya kwashe ruwan gishirin zuwa kwata. Dole a zubar da shi. Littafin injin kaf na karance shi, da ƙamus a wayata, ba wanda ya koya mini.

Malam Inuwa, tsohon da muke aiki tare, ya ga ruwa yana bin kwata cikin watan azumi, ya ce almubazzaranci ne. Na ce, "Baba, wannan fa ba koko ba ne da za ka matse tsumma har ɗigon ƙarshe." Ya ce, "Kai yaro, rufa mini baki. A garinmu mata asubanci suke yi saboda tulu guda." Ina fita Azahar ya ɗaure famfon. Matsi ya haura, gishiri ya daskare a jikin ledar, ta tsage. Ruwan da aka kai masallaci na buɗa-baki, zartsi zalla, mutane suna tofarwa.

Kafili ya ce injin a hannuna yake, huruj zai buga mini, in koma gida ba dawowa. Malam Inuwa yana tsaye a wurin, ya bar laifin a kaina. Ka zo ka yi magana, Kawu, ko ni in yi.

Ɗanka,
Nu'uman

Unguwar Jakadanci

Zuwa ga ɗana Nu'uman,

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, takardarka ta iso, na kuma ga zafin da ke cikinta.

Ban ƙi wayarka ba, rasa abin faɗa na yi. Malam Inuwa ya same ni tun ranar, yana hawaye, bai ɓoye komai ba. Abin da ba ka sani ba, ana yi masa wankin ƙoda, inshorar iƙamarsa, wato takardar izinin zamansa, ce ke ɗaukar nauyi. In aka mayar da shi gida, kai ma ka san abin da ke jiransa.

Mu dattawan ƙungiyar 'yan gida mun zauna, mun duba. Kai yaro ne, da ƙarfinka, ko'ina za ka ci abinci. Muna roƙonka ka yi shiru. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Allah Ya yi maka albarka.

Kawunka,
Sha'aban

Ulaisha

Kawu,

Salamu alaikum. Na je asibitin. Na tarar da Malam Inuwa kwance, jininsa yana fita ta tiyo, yana bi ta wani ɗan mataci, yana komawa jikinsa. Ya ganni ya juya fuska bango. Na je da magana cike da baki, na ɓuge da cewa "Sannu, Baba."

Jiya kafili ya sake tambayata wa ya taɓa famfon. Na ce ni. Ya buga hurujin. Don tsohon na yi, kada ku ɗauka don ku ne.

Amma labari ya riga ni isa Gumel. Inna ta kira tana kuka, wai an ce sakacina ya ɓata wa masu azumi ruwa. Daga bakin wa ya fita? Ku da kuka zauna a kaina, wa ya aiko a kira ni? Kuka yanke, kuka sha shayi, kuka watse.

Ranar Juma'a ina bakin masallacin Ulaisha, inda 'yan gida ke taruwa. Ba sai ka ambaci sunan tsohon ba. Ka miƙe gaban jama'a, wayar Inna a buɗe a hannuna, ka faɗa: ni na ɓata ruwan nan, ko zaɓena kuka yi in ɗauki laifin?

A huta lafiya.
Nu'uman