Kwalba Ɗaya Ta Rage a Gindin Randa

Zuwa ga Babban Jami'in da ke kula da rabon magunguna a asibitocin jiharmu, Jos.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka.

Ranka ya daɗe, da maganarka zan fara. Shekara uku ke nan da ka zo Keffi buɗe sabon ɗakin kwantar da marasa lafiya. Ka tsaya gaban jama'a ka ce tunda Allah ya ba ƙasar nan mai, ba wanda zai ƙara mutuwa da ciwon da kuɗi ke iya sayen maganinsa. Ba a bakin wani na ji ba. Ni ce malamar da ta jera 'yan makaranta suka yi maka waƙar maraba, kuma yarinyar da ta miƙa maka almakashi a faranti 'yata ce, Hajara. Ka dafa kanta, ka sa mata albarka. Yau shekarunta goma sha biyar, tana da ciwon sukari irin wanda ba ya jin ƙwaya sai allura, kuma kwalbar insulin ɗaya ta rage mata. Na auna da sirinji, na sake aunawa: kwana goma sha takwas za ta yi.

Na farko. Ba asibiti ne ya gano ciwon ba, kiyashi ne. Yarinya tana ci tana ramewa, tana shanye moɗa biyu ta ce ƙishirwa. Sau uku na kai ta, sau uku aka ba ta maganin zazzaɓin sauro. Sai wata safiya na ga kiyashi sun yi layi zuwa inda ta yi fitsari a bayi, na tuna abin da na karanta a littafin kiwon lafiya tun ina makarantar horon malamai. Na koma na matsa aka gwada. Likita bai ɓoye mini ba, ya ce ranar da allura ta yanke, makonni kaɗan ne ke tsakaninta da kabari.

Na biyu. Tun daga lokacin, ko kwalba ɗaya ban taɓa samu a asibitin gwamnati ba. Wani asibitin mishan mai nisa ne ke tausaya mana, direban babbar mota ya kawo mini a naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma. Ba mu da firij, don haka a cikin jiƙaƙƙen yashi nake binne ta a gindin randa, na kuma hana kowa ɗibar ruwa a wurin sai ni. A makon jiya 'yan mishan ɗin suka aiko mini da takarda cewa abin da ke hannunsu bai ishi majinyatansu ba. Ban ga laifinsu ba. Ba su ne suka yi mana alkawari ba.

Na uku, kuma nan ne ciwon yake. Na tsare mai ba da magani na asibitinmu har ya nuna mini fom ɗin da suke cikawa su aiko ofishinka kowane wata. Akwai layin ƙyanda, akwai na kuturta, akwai na tarin fuka, har cizon maciji yana da layinsa. Ciwon sukari ba shi da layi. A ƙasan takarda ake tura shi, wurin da aka rubuta sauran cututtuka. Sitonku kuwa ba ya aiko magani sai da lissafin abin da ya gani a layi. Da na je Jos a hutun da ya wuce, wani akawunka ya buɗe fayil ya nuna mini cewa Keffi ba ta da mai ciwon sukari ko ɗaya. Ranka ya daɗe, na koyar da lissafi shekara ashirin. Yaron da ya ƙi barin wurin rubuta amsa, sannan ya ce ba amsa, ban taɓa ba shi maki ba.

Na huɗu. Akawun nan ya ƙara da cewa ciwon masu kuɗi ne da Turawa. To, telan da ke ɗinka wa 'yan makarantarmu riguna, mutumin Panda, ƙaya ce ta soke shi a ƙafa, gyambon ya ƙi warkewa, aka yanke ƙafar da yake taka keke da ita. Gwaggona da ke aure a Nasarawa ta makance kafin ta rasu, ana ta ɗura mata zuma wai don ta yi ƙarfi, domin ba wanda ya taɓa gaya wa 'yan dubiya cewa abin da suke kawowa shi ke ƙarasa ta. Duk ciwon sukari ne. Wane ne Bature a cikinsu? Da idona na ga yadda aka yaƙi agana: mota da lasifika ƙauye ƙauye, lamba a damtsen kowa, yau yaran ajina ba su san ta ba. Ashe in gwamnati ta ga dama tana iyawa. Wannan ciwo yana cikin gidaje daga nan har bakin teku, shiru kawai yake yi.

Ba zan ɓoye maka ba, tsoro nake ji. Kowace safiya ina ɗiga fitsarinta a ruwan gwaji shuɗi, in tafasa a kan risho, in tsaya ina kallo. In ya tsaya shuɗi ko kore, sai in yi numfashi. In ya koma ja kamar jar ƙasa, na san sukarin ya hau. Shekaranjiya na kama ta tana rage abin da take zuƙa a sirinji, wai don kwalbar ta daɗe. Yarinya 'yar shekara goma sha biyar tana tattalin ranta kamar gishirin miya. Ban iya yi mata faɗa ba.

Ga roƙona. A aiko da insulin asibitin Keffi, a ajiye shi a firij ɗin kananzir da ake sa allurar rigakafi. A buɗe wa ciwon sukari layinsa a fom ɗin wata, a kuma kai maganar gaba har Ikko, babban birnin ƙasa, don sauran jihohi su ƙirga nasu. A koya wa malaman asibiti gwajin fitsari. A faɗa wa jama'a a rediyo, da Hausa da Gwandara da Eggon da Mada, abin da kiyashi ke nufi.

Na ba ka kwana goma daga yau. Ranar sha ɗaya, in ba a kawo ba, zan hau motar Jos da Hajara, da tabarma, da risho, da yashinmu a cikin kwano. A barandar ofishinka za mu zauna. Kowace safiya zan tafasa gwajin a gabanka da gaban baƙinka, ka ga launin da idonka. Kwana takwas za su rage a kwalbar, tare za mu ƙirga su. In ta ƙare, kai za ka nuna mini layin da za a rubuta sunanta.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya tsare 'ya'yanka daga abin da ya sami tawa, ya ba ka ikon cika maganarka.

Wassalam.

Malama Asabe, uwar Hajara,
Gangaren Tudu, Keffi.