Muryar Mama Tana Cikin Akwatin da Maigida Zai Buɗe

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara kafin ƙarshen mako, don na rasa wanda zan faɗa wa bai yi mini dariya ba.

A falonmu, ƙarƙashin talabijin, akwai wani baƙin akwati da Baban yara ya haɗa da hannunsa. Fayafayan ajiya huɗu ne a ciki, kuma duk wayar da ta hau intanet ɗin gidan tana iya zuba masa hotuna da bidiyo. Tun ina tsokanarsa da cewa ya fi kula da akwatin a kan furannina, har abin ya zama al'adar dangi. Yayata, ƙannena, 'yan'uwansa, duk wanda ya zo gaisuwa, kafin ya sha ruwa sai ya sauke kayan wayarsa, ya goge, ya tafi da waya sakayau. Ni ce ma kan gaba wajen cewa su goge, ai yana wurinmu.

To Anti, a ciki akwai saƙonnin muryar Mama, Allah ya jiƙanta. Mama ba ta iya rubutu a waya ba, komai da murya take turowa: faɗa, addu'a, tambayar ko yara sun ci abinci, wani lokacin ma ta manta ta kashe, sai ka ji tana magana da kyanwarta. Wayarta ta lalace, namu mun goge. Babu su a ko'ina sai a nan.

Yanzu akwatin ya cika. Baban yara ya sayo manyan fayafayai huɗu zai sauya. Mutumin kirki ne, amma ba ya iya jiran shayi ya huce. Na ji yana gaya wa ƙaninsa a waya cewa biyu-biyu zai riƙa cirewa don a gama da wuri, kuma ya bar wa ƙanin tsofaffin, ya zo ya ɗauka. Da na nuna damuwa, sai ya yi murmushi ya ce akwatin yana da kariya, ko faifai ya mutu ba abin da zai ɓata. Ban san kan na'ura ba, ɗinki na sani. Ba na so ya ga kamar na raina iyawarsa, don shekara da shekaru bai taɓa ɓatar mana da ko hoto ɗaya ba. In yi shiru ne, ko in tsaya a kan bakana?

Taki,
Mai Ɗinki

*

'Yar'uwa Mai Ɗinki,

Kada ki yi shiru. Amma bari in fara ba maigidanki haƙƙinsa: yana da gaskiya da ya ce a sauya. Fayafayan da suka tsufa kuma suka cika ba abin a zuba musu ido ba ne, jinkirin ma haɗari ne. Kuma kariyar da ya ambata tana nan.

Inda zancensa ya gaza shi ne girman kariyar. Yawancin akwatuna masu fayafayai huɗu an tsara su ne su jure rashin guda ɗaya kawai. A zare biyu a tare, komai na iya tafiya. Ya duba tsarin nasa ya tabbatar, amma ko me ya gani, ɗaya-ɗaya ake yi. A sa sabo, a bar akwatin ya gama sake gina bayanan a kan sabon har ya nuna lafiya lau, sannan a taɓa na gaba. Kowane ɗaya na iya cin yini ko fiye. Aikin ba zai ƙare a ƙarshen mako ɗaya ba, kuma ƙarin wurin ba ya bayyana sai na ƙarshe ya zauna, don haka kada ya ɗauka wani abu ya lalace.

Lokacin sake ginin nan ne tsofaffin suke shan wahala mafi tsanani, kuma a nan mai rauni yake mutuwa. Saboda haka kafin a kwance ko ƙusa ɗaya, a gwada lafiyar fayafayan duka, sababbi da tsofaffi. A manna wa kowanne lamba daidai da gurbinsa, don kada a zaro wanda ba shi ba. A tanadi batirin da zai riƙe akwatin idan wuta ta ɗauke.

Sama da duka, a yi kwafi a wani faifai na daban da ba ya cikin akwatin. Idan ba zai ɗauke komai ba, a fara da abin da ba a iya sake samu. Ki buɗe kwafin da kanki, ki kunna wasu saƙonnin ki ji suna fita. Ki ba yayarki kwafi na biyu ta ajiye a gidanta. Kuma dangi su daina goge abu mai daraja don kawai ya shiga wuri ɗaya.

Ƙanin miji kuwa ya yi haƙuri har a gama, a ga komai yana buɗewa, sannan a share tsofaffin tas kafin su bar gidan, don sirrin iyalai da yawa ne a kansu.

Yanzu ga abin da na lura da shi a wasiƙarki. Kin ce kin nuna damuwa, ba ki ce kin gaya masa dalili ba. Shi yana tsammanin kuna zancen na'ura ne, shi ya sa ya ba ki amsar na'ura. Ki zaunar da shi, ki ce masa ba hannunsa kike shakka ba, Mama ce a ciki, kuma ba za ki iya rasa ta sau biyu ba. Ban yi zaton zai ɗauki sukudireba bayan ya ji wannan ba, sai kwafi ya kammala.

Allah ya jiƙan Mama, ya sa aikin ya tafi lafiya, ya bar wa jikokinta muryarta.

Anti