Ban Taɓa Kiran Sunanta Ba

Hajiya Hindatu, don Allah ki agaza mani da shawara, abin ya fi ƙarfina.

Ni malamar Ingilishi ce a wata kwaleji a ƙasar Mayahi. Ɗiyata ta fari tana ajina, shekararta sha huɗu. Kakarta ta wajen uba ce ta raine ta a Korgom, sai bara ta dawo hannuna. Kin san kunyar ɗan fari a wurinmu. Ban taɓa kiran sunanta ba, daga "ke" sai "waccan". Ko a aji in ina kiran suna, lambarta nake faɗa.

Watan jiya na koya masu kalmomin mallaka, yadda ake cewa nawa, naka, nata. Na ba su aikin gida, kowa ya rubuto abu biyar da suke nasa. Da na buɗe littafinta sai na ga akuyarta, kakarta, tabarmarta, ƙawarta, da ciwonta. Babu kuskure ko ɗaya, ni ma babu ni. Na sa mata ashirin bisa ashirin.

Hajiya, sikila gare ta. Yau kwananta tara a asibiti a Tasawa, an ƙara mata jini sau biyu, likita ya daina kallon idona. Kakarta ke riƙe da ita, ni ina bakin ƙofa kamar 'yar dubiya. In na matsa, mata su ce boko ya cinye mani kunya. Tsorona kada ta tafi tana zaton ba na son ta.

Uwar da ke bakin ƙofa

'Yar'uwa, Allah ya ba ta lafiya. Kunyar nan ba ƙiyayya ba ce, iyayenmu sun yi ta ne don girmama manya. Kakar da ta sha wahalar raino kuma tana da haƙƙi, kada ki ture ta. Amma al'ada ce, ba farilla ba. Surutun mata na kwana biyu ne, nadama kuwa da ita za ki tsufa.

Ki fara da tsohuwar. Ja ta gefe ki fassara mata abin da jikarta ta rubuta. Ina kyautata zaton da kanta za ta matsa maki. In ta ƙi, ki ba ta haƙuri, ki zauna duk da haka. Ki kama hannun yarinyar ki kira sunanta, kada ki jira sai ta samu sauƙi.

Na lura ko a wasiƙar nan ba ki rubuta sunan ba. Allah ya tashi kafaɗunta, ya ba ki ikon faɗinsa tana ji.

Hajiya Hindatu