Littafin Gola a Teburin Mai Tsire

Asabar, 5 ga Oktoba, 2024

Mun ci 'yan Wamakko, amma raina a ɓace na dawo. Sa'ad golanmu ya sake barin raga ya fito tsakiyar fili kamar an aike shi kasuwa. Bakina ya gaji da gaya masa: akwai littafin rayuwar wani tsohon gola, da Hausa ma aka rubuta shi, ka zo ka karanta. Wai tuƙin keke ba ya barin sa karatu. Amma musu a gidan kallo, wannan yana da lokacinsa!

Shekara da shekaru ina horar da 'yan Runjin Sambo, ina bin su da littattafaina uku: na gola, na tarihin yadda ake jera 'yan wasa a fili, da ƙaramin nan na dokoki. Ba wanda ya taɓa buɗe ko bango. Gobe da kaina zan kai wa Sa'ad na golan har gida.

Lahadi, 6 ga Oktoba

Babu kwalin littattafan. Babu shi gaba ɗaya.

A ɗakin karatun marigayi Baba na ajiye shi, don nawa ɗakin yana yoyo. Ashe gara ta shiga. Jiya ina Wamakko, Yaya Siddiƙu ya fitar da komai ya tantance yadda aka saba a gidan nan: mai Larabci ko ajami a kakkaɓe a ɗora sama, sauran kuma "takardu" ne. Takardu kuwa tun zamanin Baba gidan su Shafi'u mai tsire ake aika wa.

Na same shi a zaure bayan almajiransa sun tashi. Ko kaɗan bai ji komai ba. Ya ce, "Na duba su, Junaidu. Babu aya, babu hadisi ciki. Mi al laihina?"

Ya duba! Abin da ya fi ƙona ni ke nan. Ya riƙe su a hannu, ya ga sunana a bango, ya yanke cewa nannaɗe nama ya dace da su. Na ce, "To, Yaya," na fita. Me zan ce? Wana ne, kuma shi ne a mazaunin Baba.

Litinin, 7 ga Oktoba

Bayan la'asar na je wurin Shafi'u. Sauran biyun, na Turanci, ya miƙo min lafiya lau, wai takardarsu santsi gare ta, ba ta shan mai. Na gola kuwa, "Wallahi Malam, wagga takarda ta yi! Irinta nika nema." Yabo ma yake yi. A gabana ya yage shafi ya zuba wa wani tsire da albasa.

Bango ya rage da 'yan shafukan farko. Littafin da na tsinta a wurin mai tsofaffin littattafai a Zariya ina ɗalibi, wanda ban sake ganin irinsa ba. Shi kaɗai ne yarana za su iya karantawa ba tare da sun nemi mai fassara ba.

Ban yi wa Shafi'u faɗa ba. Ba shi aka yi.

Laraba, 9 ga Oktoba

Gaisuwa kawai tsakanina da Yaya. Ita ma don dole.

Juma'a, 11 ga Oktoba

Yau an yi abin dariya, sai dai ban yi dariyar ba.

Wani baƙo ya kawo wa Yaya tsire daga wurin Shafi'u. Yana buɗewa idonsa ya faɗa kan layi: golan littafin yana cewa ya kira sunan Allah kafin ya shiga raga. Sunan Allah ɓaro-ɓaro, mai ya jiƙa shi, ga yaji a kai. Sadiyatu matata ta ce tana jin salatinsa daga cikin gida.

Ya aiko a kira ni, fuskarsa ta sauya. "Ashe akwai sunan Allah ciki? Don mi ba ka hwaɗi ba?" Ni! Ni ne ban faɗa ba! Bahaushe ya rubuta tarihin rayuwarsa, yana zaton zai kai ƙarshe bai ambaci Allah ba? Larabci kawai idonsa ya nema, da bai gani ba ya rufe.

Yanzu hankalinsa ya tashi. Ba don ni ba, ba don littafina ba. Da babu kalmar nan a ciki, da har gobe "takardu" ne.

Talata, 15 ga Oktoba

Yaya ya zama mai tsintar takarda. Da rawaninsa da komai, yana bin kwata da bakin shaguna daga teburin Shafi'u har tashar keke, yana tambayar wa ya sayi tsire makon jiya. Har sanarwa ya sa aka yi a masallaci. Mutane suna ta kawowa, wasu a dunƙule, wasu da tabon shayi.

Yana zama a zaure ya warware kowane shafi, ya karanta daga sama har ƙasa don kada sunan ya sake wuce shi. Na ɗauka ƙona su zai yi yadda ake yi. Na leƙa na ga yana jera su bisa lamba, ya danne da dutse.

Ko kallo ban ƙara yi ba. Ya ji yadda ake ji.

Asabar, 19 ga Oktoba

Ina ɗaura takalmi zan tafi atisaye ya kira ni. Ya turo min tarin shafukan a cikin gafakar fata irin ta littattafan Baba. Suna warin ƙuli. Fiye da rabi babu. Bai ba ni haƙuri ba, na kuma san ba zai bayar ba, a gidanmu babba ba ya yi.

Na juya zan fita, sai ya yi gyaran murya.

"Wanga yaro na littafin... da anka ba abokan karawarsu bugun fenareti, ga shi da karyayyen yatsa. Shafin da ab biye ba a samo shi ba. Ya kama?"

Na so in ce ya je ya tambayi Shafi'u. Wallahi har ta zo bakina.

Na ce bai kama ba, an ci su. Ya ce, "Kayya!" Sai na ji kaina ina ba shi labarin yadda aka koma wasan a shekara ta gaba. A tsaye na fara, ban san lokacin da na zauna a buzunsa ba. Na makara atisaye.

Da zan tashi ya ce, cikin biyun da suka rage, wanne zan ba mutum shawara ya fara da shi? "Mutum" wai.

Na ba shi na dokoki, tunda shi mai son hukunci ne. Ban huce ba. Na dai sa masa tsinke a shafin dokar satar gida, don na san nan zai sha wuya, ga kuma Turanci, dole ya neme ni.