Kujerar Malam Tanko

Gyaɗi-Gyaɗi, Kano.

Zuwa ga Yaya Habibullah,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali da sanyin Jos. Yaya ƙafar Anti Rabi? Allah ya ƙara sauƙi.

Yaya, raina a jagule yake. Ka san al'adar kamfaninmu na madara a Tarauni: duk shekarar da riba ta kai adadin da masu kamfanin suka yanke, ana biya wa ma'aikacin da ya fi daɗewa kujerar Makka. Bana layi ya zo kan Malam Tanko direba, kuma a ƙarshen shekarar nan zai yi ritaya.

Ka tuna murnar da na yi maka a waya bara, da muka matsa aka ba mu shugabannin sashe damar sayen hannun jari a kan tsohon farashi, in mun ƙara shekara uku a aiki? Ni ce uwar zaƙewa a maganar. Direbobi ba sa ciki, kuma wallahi a lokacin ko a jikina.

To, shekaranjiya Mista Polycarp, akantanmu, ya tara mu. Wai alkawarin nan wani nau'in albashi ne, dole a ƙiyasta darajarsa a riƙa cire ta daga riba kowace shekara, ko da ko sisi bai fita daga banki ba. Da ya cire, ribar bana ta gaza adadin da ɗan kaɗan. Na ce a yaga takardata mana, na yafe. Ya ce in na yafe, ragowar na shekarun gaba ma duk kan bana za su faɗo. Hanya ɗaya ce ke goge rabon mutum: ya bar aiki kafin wa'adi. Kuma rabona, ni shugabar talla, shi kaɗai ya isa ya cike giɓin.

Bai ce in tafi ba, bawan Allah, ƙasa ma yake kallo. Amma kowa ya ji. Ka ba ni shawara kafin a rufe lissafin shekara.

Ƙanwarka,
Huraira.

Gyaɗi-Gyaɗi, Kano.

Yaya Habibullah,

Sallama da gaisuwa. Amsarka ta iso, na gode. Ka ce in dubi marayuna uku in zauna, kuma abin da na so ji ke nan, shi ya sa na tambaye ka ban tambayi wani ba. Na zauna. An rufe lissafi, babu kujera bana.

Masu kamfanin sun ce in suka karya ƙa'ida sau ɗaya ba ta ƙara tsayuwa. Mun yi karo-karo a tsakaninmu, abin da aka tara ko kwata bai kai ba. Ina jin kunya, Yaya, kunyar da ban taɓa ji ba. Da na yi shiru bara, da yanzu dattijon nan yana haɗa jaka.

Jiya Malam Tanko ya shigo yi mini sallama. Bai yi ƙorafi ba, ya ce kira ne bai zo ba. Alfarma ɗaya ya roƙa. Matarsa Inna Indo ta riga ta gaya wa duk unguwarsu ta Darmanawa cewa bana zai tafi Makka, kuma da ya ce mata babu riba sai ta ɗauka kamfani ne ya karye, ko shi ya yi wani laifi. Shi ya kasa bayanin, wai ni ce mai fahimtar abin, in je in faɗa mata.

Gobe bayan la'asar zan je. Zan iya ce mata kuɗin suna nan a banki, ba wanda ya taɓa. Abin da nake tsoro shi ne ta tambaye ni wa aka ajiye wa.

Ka gaishe da kowa, ka sa ni a addu'a.

Taka,
Huraira.