Duwatsu Biyu na Selim

Bohoniki, 3 ga Satumba

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Zuwa ga jikata Tamira,

Aminci da rahamar Allah su tabbata a gare ki. Bayan gaisuwa da fatan alheri, takardarki ta iso. Na karanta ta sau biyu, na biyun da tabarau na Stefan ladaninmu, domin nawa ya karye.

Na fahimci aikin kamfaninku: tubalan siminti masu ramuka, ku nutsar da su a gindin dogayen fankokin nan masu samar da lantarki daga iska da aka kafa cikin teku, domin kifi ya sami mafaka ya hayayyafa. Na kuma fahimci karo-karon da kuka buɗe a intanet, wanda in bai cika ba zuwa ƙarshen wata za a mayar wa kowa abinsa. Kin tambayi hukuncinsa. Ban ga laifi ba, domin kyautata wa mai rai sadaka ne, ko da kifi ne. Haka na faɗa wa jama'a bayan Juma'a. Stefan ya ce, "Liman, kifi ake gina wa gidan siminti, ni rufina yana yoyo tun bara? Tambaye ta ko akwai ɗakin da ba a kama ba." Aka yi dariya, amma ya ba da nasa.

Buƙatarki ta biyu kuwa ban amince da ita ba. Abokin aikinki Wojtek yana so a sa hoton mahaifinki Selim cikin bidiyon neman taimako, a ba da labarin yadda jirgin kamun kifinsu ya nutse a wannan ruwan, a kuma zana sunansa a tubali na farko. Ɗana ba hajar talla ba ne.

Kin san al'adarmu: kabari dutse biyu ne, babba a kai, ƙarami a ƙafa. Shekarar da abin ya faru, kina 'yar shekara huɗu, na tono guda biyu a gonarmu lokacin cirar dankali, na ajiye a rumfar itace. Mazhabarmu ba ta sallatar gawar da ba ta gaban liman. Na sallaci mutanen garin nan ba adadi, ban sallaci ɗana ba. Shekara ashirin da uku ke nan ina jiran teku ta dawo da amana. In na bari aka rubuta sunansa a ƙarƙashinta, na bar mata shi ke nan.

Gwiwoyina sun gaji, idona ma haka. Kada ki sake kawo mini wannan zance.

Allah Ya yi miki albarka. Wassalam.

Kakanki,
Bekir

Ustka, 2 ga Oktoba

Kaka,

Salamu alaikum. Yaya gwiwa? Na aiko da kuɗin tabarau, a sayi tabarau, kar a jefa a akwatin masallaci, na san hali.

Ban sa hoton ba. Karo-karon ya rufe shekaranjiya bai cika ba, kowa ya karɓi abinsa. Ka ce wa Baba Stefan nasa yana hanya, ya gyara rufinsa. Wojtek ya ce da ni, "Mutane ba sa ba kifi kuɗi, Tamira, hawaye suke ba wa. Kina da hawaye a aljihu kin ƙi fitarwa." Na ce masa hawayen ba nawa ba ne ni kaɗai. Ya kwashe kayansa ya koma Gdańsk. Ban ga laifinsa ba, shekara uku muna cin burodi da shayi a kan abin nan.

Tubali shida muka riga muka zuba da kuɗin aljihunmu, cikin ɗari biyun da muka yi buri. Jirgi zai kai su ranar ashirin ga wata, tun da an riga an ba mu izini. Bayan nan ban san abin da zan yi ba.

Ka ce kar in sake zancen, to ba roƙo nake ba, labari ne. Duk Sallah, in an shiga maƙabarta da sadakar burodi da alewa, kowa yakan nufi dutsen mamacinsa ya zauna ya karanta Yasin. Ni bakin ƙofa nake tsayawa da tire a hannu, ina raba wa masu fitowa. Kana tsammani ladabi ne. Ba ladabi ba ne, Kaka, ba ni da wurin zuwa ne. Na nutsa a ruwan nan sau da yawa, na ga ƙasansa. Yashi ne fetal, babu abin da ido zai kama. Ba tallarsa na so yi ba. Wuri nake nema masa.

Ka huta lafiya.

Jikarka,
Tamira

Bohoniki, 11 ga Oktoba

Zuwa ga jikata Tamira,

Aminci ya tabbata a gare ki.

Na sake duba littattafaina. Hukuncin salla yana nan yadda na sani, ba zan sauya shi don kaina ba. Amma ban sami inda aka ce mai jira ya ɗora wa maraya jiransa ba.

Motar dankali za ta tashi zuwa Ustka ranar Laraba. Duwatsun suna ciki, na wanke su da hannuna. Stefan ya ce, "Liman, ashe dai an sami ɗakin."

Kada a rubuta komai a jikinsu, Wanda zai tashe shi Ya san sunansa. A ajiye su kusa da tubalan naki, babban ta yamma, ƙaramin ta gabas. Ki bar taku uku a tsakani. Mahaifinki dogo ne.

Ki sanar da ni sa'ar da za ki nutsa, in buɗe Yasin a nan.

Wassalam.

Kakanki,
Bekir