Rabin Maganin Baba

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali.

Jiya asibitin ido suka sake maido mu. Sun ce ba za su cire wa Baba yanar ido ba sai hawan jininsa ya sauka. Wata huɗu ke nan likitar unguwarmu tana rubuta masa magani, har sau biyu tana ƙara ƙarfinsa, amma shiru kake ji. Yanzu sai ya yi ta laluben kafar allura, in na ce ya kawo in zura masa zaren ya ɓata rai. Shekaranjiya ya lulluɓe keken ɗinkinsa ya koma bakin shago ya yi tagumi. Wallahi tsoro nake ji kada idon ya rufe gaba ɗaya.

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka, Auta

Auta,

Wa'alaikumus salam. Na ga saƙonki, raina ya ɓaci. Wata huɗu ba wasa ba ne. Likitar nan ba ta san aikinta ba, gwaji take yi da tsohon mutane. Kada ki sake kai shi wurinta. Ƙarshen wata ina tafe, in kai shi wurin babban likita da kaina. Ki gaishe shi.

Yayanki

Zuwa ga Yaya,

Salamu alaikum, da fatan ka wuni lafiya. Ka yi haƙuri, na saɓa maka, mun koma wurinta. Kafin ka fara faɗa karanta ka ji.

Da ta auna shi ta ga jiya i yau, sai ta ajiye biro. Ta ce yau ba za ta rubuta komai ba, so take ya sha maganin a gabanta yadda yake sha a gida. Baba ya ciro ƙwaya ɗaya, ya zaro rezar da yake farke ɗinki da ita, ya raba ta biyu daidai wa daida. Ya haɗiye rabi, ya naɗe rabi a takarda ya sa aljihu.

Ta ce, "Baba, wancan rabin fa?"

Ya ce, "Na Mai Agogo ne."

Ka tuna amininsa mai gyaran agogo, na jikin shagonmu? Ashe shi ma yana fama da ciwon kai da jiri, kuma ko ƙofar asibiti ba ya son gani. Baba ya ce shekara talatin ko shayi ba ya sha bai raba da shi ba, ina zai iya shan lafiya shi kaɗai. Ni da nake ba shi maganin kowace safiya a tafin hannu, kunya ta rufe ni.

Ba ta yi masa faɗa ba. Ta bayyana masa cewa rabin nan bai ishe shi ba, kuma kowane jiki da nasa maganin. Ta mayar da shi kan ƙaramin maganin da ta fara ba shi, ya sha cikakke, ta ce ya kawo mata amininsa ko da ja ne. Washegari Baba ya kai shi, yana riƙe da hannun rigarsa kamar ɗan makaranta. Jinin Mai Agogo ma ya fi na Baba hawa.

Sati uku ke nan, na Baba ya sauka. An sa ranar aikin idon.

Taka, Auta

Zuwa ga babban ɗana,

Bayan sallama da sa albarka. An yi aiki, an kwance bandeji, alhamdu lillahi. Wanda na fara gani Mai Agogo ne, zaune a bakin gado yana share hawaye. Ban san ya tsufa haka ba. Na gaya masa, ya ce in bari sai na ga madubi.

In ka zo, ka je ka gaida likitar nan, ka ba ta haƙuri. Kuma ka taho da rigarka, in rage maka hannun.

Allah ya yi maka albarka.
Mahaifinka